Motar Baba Ta Ƙi Tashi

Sintali, Jalingo
9 ga Mayu, 1994

Zuwa ga bawana Jibrilla,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka a can Laberiya. Duk lokacin da aka ambaci sojojinmu a rediyo sai in ƙara murya, ko da yake na san kai ba ka harbin ko ƙadangare, kana can kwance a ƙarƙashin motocinsu da baƙin mai har cikin kunne. Mu nan sai godiya. Ruwa ya fara sauka, yara suna lafiya, abbansu yana Gembu inda aka tura shi aiki, sai ƙarshen wata muke ganinsa.

Baba yana nan yadda na rubuta maka a baya. Wata biyar ke nan da shanyewar jikin. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, magana kuma ba ta dawo ba. Yana jin duk abin da aka faɗa, idonsa garau, amma in ya buɗe baki sai wani gurnani da shi kansa yake jin kunyarsa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙa motar gwamnati, yau ni ke juya shi a kan katifa. Wallahi wani lokaci sai na shiga kicin na yi kukana sannan in fito.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne Goggo, Dadarka da ta haife ka. Kada hankalinka ya tashi, amma ba ta jin daɗi. Ranar Asabar na je garin Mutum Biyu na same ta ƙafafu sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya, ba ta iya kwanciya sai a jingine. An kai ta asibiti an ba ta magani, an ce a daina wahalar da ita da tafiya. Da zan taho ta riƙe mini gyale ta ce, “Saliha, ki kawo mini Hammana. Ko bai yi magana ba, in gan shi kawai.” Ita da yayan nata, Baba, su biyu suka rage a ɗakinsu, ka sani. Da na dawo na gaya wa Baba, sai ya kama kallon ƙofa, har yau kuma can yake kallo.

To ga matsalar. Baba ba ya iya zama a miƙe cikin mota mai tafiya na minti goma. Hanya ɗaya ita ce a kwantar da kujerar bayan Fijonsa a shimfiɗa katifa. Ita kuwa Fijo ta zaɓi wannan lokacin ta fara iyayi. Da safe sai na yi ta murɗa makulli kafin ta kama. In ta kama sai ta yi ta rawar jiki kamar mai zazzaɓi, in na taka totur ta shaƙe. Jiya ta mutu mini a tsakiyar titi wajen unguwar Sarkin Dawaki, masu acaba suka taru suna mini dariya, da ƙyar aka turo ta gida. Ba zan ɗauki marar lafiya a cikin wannan in shiga daji da shi ba.

Kada ka ce in kira makaniki. Kana wurin ranar da Baba ya dafa Alƙur'ani a Jimeta, bayan wani ya cire masa sabon kafireto ya maƙala masa tsoho, ya rantse babu makanikin da zai ƙara taɓa motar nan sai shi, sai kai da ya koya wa aiki. Shi ga shi kwance, kai ga ka a bayan duniya. Saura ni, malamar aji uku, wadda abin da ta sani a gaban mota shi ne inda ake zuba ruwa. Ban shiga cikin rantsuwar ba tunda ni ba makaniki ba ce, wannan kam kowa zai shaida.

Saboda haka ka rubuto mini abin da zan yi, dalla-dalla, yadda za ka gaya wa wawa. Akwatin kayan aikin Baba yana nan. Ka yi sauri, umarni ne daga ɗiyar kawunka.

Uwar ɗakinka,
Saliha


Monrobiya
30 ga Mayu, 1994

Zuwa ga uwar ɗakina Malama Saliha,

Amin wa alaikumus salam. Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Takardarki ta yi sati uku a hanya, jiya aka miƙo mini ita ina cikin sauke giyar wata babbar mota. Lafiyata ƙalau, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa da shinkafa safe da yamma. Ki gaishe da Kawu, ki ce masa yaronsa yana nan bai zubar masa da mutunci ba.

Maganar Dada ta tsaya mini a ƙirji. Na nemi a bar ni in zo, an ce sai an canza rukuninmu, wata ila Satumba. Ban da abin yi sai addu'a. Ke ce idona yanzu, ke ce ƙafata. Useko, don Allah, Saliha.

Amma fa na yi dariya da na hango ki riƙe da sifana. Ke da ba ki iya ɗaura zare a keken ɗinki sai kin kira maƙwabta! To, saurara, kada ki tsorata. Wannan ciwon da kika lissafa ba babba ba ne. Mota ta daɗe ba ta yi doguwar tafiya ba, ga man bakin hanya da kuke sha. Ko mai ba ya isa, ko wuta ba ta da ƙarfi. Aikin awa ɗaya ne.

Na farko, batir. Ki duba kawunansa biyu. In kin ga wani farin gari ya taru, ki zuba ruwan zafi ki goge, ki ɗaure su tamau.

Na biyu, filtar mai. Ki bi siririn tiyon da ya shiga kafireto, za ki ga wata 'yar roba kamar ƙaramin kofi, Kawu da kansa ya saka ta. Ki cire ki ɗaga ta sama wajen haske. In ta yi ja ko baƙi, ki jefar. Akwai sabuwa a akwatinsa, a cikin tsohon gwangwanin madara, in dai bai canza hali ba.

Na uku, fulogi. Guda huɗu ne, a jere a saman inji, kowanne da wayarsa mai kauri. Na wannan motar a cikin rami suke, sai da dogon sifanan nan mai kama da bututu. Ki kwance su a hankali, inji yana sanyi. Bakinsu zai yi baƙi. Ki wanke da fetur, ki goge da sanfefa har ƙarfen ya yi haske, ki bari su bushe. Wajen mayarwa ki fara ɗaurawa da hannu kafin ki sa ƙarfi. Wayoyin ma ki goge su, su da baƙar hular da suke taruwa a kanta, ita ake kira kan distiribita. In akwai danshi a ciki ki share da busasshen tsumma.

Shi ke nan. In kin yi waɗannan ba ta tashi ba, ki canza mini suna. Kada ki taɓa kafireto, na roƙe ki, wannan ba aikin 'yan aji uku ba ne.

In kun je Mutum Biyu ki ce wa Dada ina cin abinci, na yi ƙiba. Ƙarya ce, amma ki faɗa mata.

Bawanki mai biyayya,
Jibrilla


Sintali, Jalingo
23 ga Yuni, 1994

Jibrilla,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, Baba yana nan, yara suna gaishe ka. Na fara tunanin sunan da zan canza maka.

Takardarka ta zo ranar Juma'a. Asabar da hantsi na ɗaura tsohon zani, na sa aka fito da Baba a kujerarsa gindin mangwaro don ya sha iska, na buɗe bonet. Batir na wanke. Filta na same ta ja wur kamar ruwan rafi bayan ruwan sama, sabuwar kuma tana cikin gwangwanin madara yadda ka ce. Da na ɗaga gwangwanin na nuna wa Baba har murmushi ya yi da rabin bakinsa. Rabon da in ga haka tun kafin azumi.

Fulogi sun ba ni wuya, na fasa farce biyu, amma na fitar da su, baƙi ƙirin. Na goge su har suna sheƙi. Wayoyin nan kuwa ƙazanta ce zalla, ban san yadda kuke zama da datti haka ba. Na tsige su duka huɗun, daga saman inji da daga baƙar hular, na shimfiɗa su a tabarma na goge kowacce tas. Da na zo mayarwa na lura da can a harɗe suke, wannan ta hau kan waccan kamar kitson da aka yi cikin fushi. Sai na gyara muku. Na jera su yadda ya kamata, ta fulogin farko a ramin farko, ta biyu a na kusa da shi, ta uku, ta huɗu, kamar yara a layin asambuli. Ka zo ka ga kyau.

Na shiga na murɗa makulli. Jibrilla, motar nan harbi ta yi! Tas! kamar bindiga, hayaƙi ya fito ta gaba. Kaji suka watse. Maƙwabciyata Madam Rejoice ta fito da gudu da ludayi a hannu tana cewa, “Malama, wane ne ya mutu? Soja ya shigo?” Na sake murɗawa ta sake harbawa. Da, ko da rawar jiki, tana tashi. Yanzu ko kamawa ba ta yi.

Abin da ya fi damuna Baba ne. Tun ina tsige wayoyin ya fara gurnani. Da na fara mayarwa sai ya kama dukan hannun kujera da sandarsa. Ya buga ƙirjinsa, ya nuna motar, ya sake buga ƙirjinsa. Na ce, “Baba na sani, taka ce, ba lalata ta zan yi ba, Jibrilla ne ya ce in yi.” Sai ya ƙara ƙarfi, har hawaye. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar da Inna ta rasu. Na gane ba ya son ganin hannun kowa a cikin injin nan, har nawa. Likita kuma ya ce a kiyaye ɓacin ransa kada abin ya sake bugunsa. Don haka na sa aka mayar da kujerarsa ɗaki, na saki labulen tagar da ke kallon motar. Yanzu in zan taɓa ta sai na tabbatar ba ya gani.

Ranar Litinin na ɗauko tasi daga tasha, na ce ko a kujerar baya ne a lallaba. Ƙafar da ta shanye ba ta lanƙwasuwa, muka yi ta fama yana nishi, daga ƙarshe ya kama ƙofar da hannun hagu ya ƙi saki. Direban ya ce, “Hajiya, wannan baba ba zai kai Mutum Biyu ba a haka, ni ba na ɗauka alhaki.” Ya tafi abinsa.

Jiya na je na ga Goggo ni kaɗai. Kumburin ya hau har ciki. Da ta ji sallamata sai ta leƙa bayana. Na ce mota ce ta ɗan samu matsala, sati mai zuwa in Allah ya so. Na ce kana cin abinci ka yi ƙiba. Ta ce, “Ƙarya yake yi, tun yana yaro ba ya ƙiba.”

Na bi takardarka layi-layi, na karanta ta ta fi sau ashirin. Me na yi ba daidai ba? Ko kai ne ka manta aikin? Ka ba ni amsa da wuri, raina a ɓace yake kuma tsoro nake ji.

Saliha


Sintali, Jalingo
12 ga Yuli, 1994

Hamma Jibrilla,

Ina fata kana lafiya. Ka ga yau har Hamma na kira ka, ka san abin ya kai inda ya kai. Kullum sai na tambayi masinjan makarantarmu ko akwai takarda, har ya fara kauce mini.

Mu dai muna numfashi. Baba ya rage cin abinci. Ma'aikatan mai sun shiga yajin aiki, gidajen mai duk a rufe, motocin haya sun yi wuya. Ina da jarka ɗaya da na ɓoye a bayan buhun masara tun watan jiya, ba na barin kowa ya kalle ta. Ta Mutum Biyu ce.

Na saɓa maka, na buɗe kafireto. Na wanke abin da na gani, wani ɗan ƙaramin sifirin ya yi tsalle ya shige cikin yashi, ni da Madam Rejoice muka yi awa guda muna rarrafe da rariyar tuwo kafin mu same shi. Na mayar. Harbin dai shi ne. Batir ya mutu sau biyu saboda murɗawa, sau biyu ina ɗora shi a acaba a kai shi caji.

Na je wurin wani makaniki a Sarkin Dawaki, Albarka sunansa, mijin Rejoice ne ya san shi. Na ce ba taɓawa zai yi ba, ya gaya mini da baki kawai. Ya ce, “Madam, mota ba a gyara shi da labari. Zai iya zama taimin, zai iya zama koyil, zai iya zama komai. Sai na gani.” Na kai maganar wurin limamin unguwarmu, ya ce rantsuwa tana da kaffara, amma sai mai ita ya yarda. Na durƙusa gaban Baba na ce, “Ka bari Albarka ya duba, ni zan ciyar da miskinai goman.” Ya girgiza kai. Ya buga ƙirji, ya nuna taga. Na ce, “Baba, Goggo fa tana jiranka!” Na ɗaga masa murya, Jibrilla, Allah ya yafe mini. Ya juya fuskarsa bango, ranar ko kunu bai sha ba.

Na sayi sabon koyil na saka da kaina. Babu abin da ya canza.

An aiko daga Mutum Biyu cewa Goggo ta daina cin tuwo, sai ruwan koko. Wai in ta ji ƙarar mota a waje sai ta ce a duba ko su ne. Ni kuma ina nan tsaye a kan injin da ban san harshensa ba. Ban taɓa jin ni ba kowa ba ce kamar yanzu. Don Allah ka rubuto.

Saliha


Monrobiya
15 ga Yuli, 1994

Saliha,

Lafiyata lau, ina fata kuna lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba. Takardarki ta ashirin da uku ga Yuni yau ta same ni, an tura mu wani gari ne ta zauna tana jirana. Na karanta a tsaye, da na zo wajen layin asambuli sai da na zauna a ƙasa.

Wayoyin ne, Saliha! Ba a jera su ɗaya, biyu, uku, huɗu. Wannan harɗewar da kika gani ita ce daidai. Inji ba ya ba fulogi wuta bi da bi, tsallake yake yi: ɗaya, uku, huɗu, biyu. Kin aika wuta inda ba a shirya mata ba, shi ya sa take harbi. Babu abin da ya lalace. Aikin da kika yi na filta da fulogi ya riga ya warkar da ita, da kin mayar da wayoyin yadda suke da tuni kun je kun dawo.

Laifina ne, ba naki ba. Ba a taɓa cire su gaba ɗaya, ɗaya ake cirewa a goge a mayar sannan a taɓa ta gaba. Wannan shi ne abin da Kawu ya fara koya mini ranar farko, da ranƙwashi. Ya zame mini kamar numfashi, har ban ga abin rubutawa a ciki ba. Kin ce in rubuta yadda zan gaya wa wanda bai san komai ba, ni kuma na rubuta wa kaina.

Na so in zana miki, amma daga nan ba zan iya sanin ramin da za ki fara da shi a kan hular ba, in kika kuskure shi duk sauran sun tafi. Ba kya ma bukatar zanena. Mai motar yana gidan. Saliha, Kawu ba hana ki yake yi ba. Da ya buga ƙirji ya nuna mota, cewa yake ki kai shi wurin. Yana zaune yana kallonki kina saka su a karkace. Ki ɗaga labulen nan, ki sa a ɗauke shi da kujerar a ajiye shi a jikin mota, ki riƙe waya ɗaya-ɗaya ki bar shi ya nuna miki da hannun hagu. Ko idonsa a rufe ya san su.

Wani abokin aikina zai sauka Legas jibi, ya yi alkawarin jefa wannan a gidan waya ranar da ya isa. In kun je, ki zauna kusa da kunnen Dada ki ce mata Jibrilla yana neman gafara, ya bar ta da ciwo ya tafi gyaran motocin mutane. Ki ce ta jira ni zuwa Satumba, zan kawo mata turmin atamfa irin ta nan mai ruwan ganye. Ki ce ƙibar ƙarya ce, ta yi gaskiya.

Ki tashi yanzu, kada ki tsaya ba ni amsa.

Jibrilla


Sintali, Jalingo
14 ga Agusta, 1994

Zuwa ga ɗan'uwana Jibrilla,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kuma ina roƙon ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai haƙuri, Jibrilla. Allah ya yi wa Goggo rasuwa ranar Talata, biyu ga wannan wata, da hantsi. An yi mata sutura bayan azahar. Ban samu jana'iza ba saboda rashin mota, sai la'asar na isa a bayan wata akori-kura. Waɗanda suke wurin sun ce ta cika da kalmar shahada, ba ta wahala sosai a ƙarshen ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba ka haƙuri. Na yi kwana uku a can ina karɓar gaisuwa a madadinka da madadin Baba. Na ɗauki biro sau da yawa tun ranar, na kasa.

Ni na gaya wa Baba kafin in tafi. Bai yi gurnani ba, bai buga komai ba. Ya rufe ido kawai.

Takardarka ta zo ranar Alhamis da ta wuce, kwana tara bayan rasuwar. Yajin aikin ya tsayar da komai, ta yi kusan wata a hanya. A ofishin malamai na buɗe ta. Ban iya komawa aji ba, na ce wa hedimasta kaina ke ciwo na taho gida a ƙafa.

Na shiga ɗakin Baba na ɗaga labulen. Na zauna a ƙasa na karanta masa takardar tun daga farko har ƙarshe, har da saƙonka na Goggo, don ban da wanda zan ba shi. Da na zo inda ka ce ba hana ni yake yi ba, na kasa ɗaga kai in dube shi. Na ce, “Baba, haka ne?” Ya ɗaga kai sau ɗaya.

Na kira Madam Rejoice da mijinta muka ɗauke shi da kujerar muka ajiye a jikin motar. Na buɗe bonet. Ya daɗe yana kallon injin. Sannan ya nuna baƙar hular na buɗe, ya sa na ɗan taɓa makulli sau biyu har abin da ke ciki ya juyo inda yake so. Na tsige wayoyin. Na ɗaga ta farko, ya miƙa yatsa ya taɓa rami. Na ɗaga ta biyu, ya taɓa wani. Da na tura ta ƙarshe bai gamsu ba, sai da ya danna kowacce da babban yatsansa ya ji ta zauna. Duka-duka bai kai minti goma ba.

Na juye jarkar nan a tanki, na murɗa makulli. Murɗa ɗaya ta tashi. Babu rawar jiki, babu shaƙewa, tana ta zuba ƙara a hankali yadda take yi lokacin da yake kai mu makaranta. Madam Rejoice ta fara guɗa, ta dubi fuskokinmu, ta fasa.

Kwana arba'in da biyar ne tsakanin ranar da na jera wayoyin nan da ranar da Goggo ta rasu. Kullum cikinsu yana gaya mini da iyakar abin da Allah ya bar masa, ni kuma na mayar da shi ɗaki na saki labule, ina ganin tausayinsa nake yi. Ka ce laifinka ne. Kai ka manta layi ɗaya daga wata ƙasa. Ni ina gabansa. Kowa ya ce mini kwana ne ya ƙare, na kuma yarda, amma da sun ga juna. Wannan ba zai bar ni ba.

Ya nuna yana so a shigar da shi, muka ja kujerar gaba baya saboda ƙafarsa muka zaunar da shi, na tallafe shi da filo. Na zauna a mazaunin direba, inji yana aiki. Na ce, “Baba, mai zai kai mu ya dawo da mu. In shimfiɗa katifa mu je Mutum Biyu? Ko gaisuwa ka karɓa, maza su kai ka ka ga inda aka sa ta.”

Ya daɗe yana sauraron injin, kansa a karkace. Na ɗauka zai ɗaga kai. Sai ya miƙo hannun hagu a hankali, ya lalubi makullin, ya kashe motar. Ya zare shi ya sa mini a tafin hannu, ya nuna a mayar da shi ɗaki.

Tun ranar bai ƙara kallon ƙofa ba. Ka yi wa Goggo addu'a, ka yi wa Baba. In akwai saura ka yi mini.

'Yar'uwarka,
Saliha